Wushiryar Ƙanwata a Bakin 'Yata

A gidanmu na Zariya mu biyu ne mata, ni da ƙanwata, kuma tun kafin mu yi wayo matan unguwa suka gama yanka wa kowacce rabonta. Baƙuwa za ta shigo ta zauna a tabarmar Inna, a kira mu mu gaishe ta, mu durƙusa tare, amma a kan ƙanwata idonta yake sauka. "Ikon Allah! Wannan ce mai wushiryar? Yi dariya mu gani, 'yan mata." Ita kuwa ba a roƙonta sau biyu. Sai ta washe baki, 'yar tazarar nan ta tsakanin haƙoranta na sama ta bayyana, baƙuwa ta tafa hannu tana salati. Sai an gama wannan ake tunawa da ni. Matar za ta dube ni sama da ƙasa tana laluben abin faɗa, don kada a ce ta yi son kai, can sai ta samo: "Wannan kuma ita ce mai karatun ko? Allah Ya yi albarka." Allah Ya yafe mini, na ji wannan sa albarkar har ta fita daga raina.

Ba wai ni mummuna ba ce, kada a yi mini wannan kallon. Hancina daidai, idona daidai, haƙorana farare a jere ƙam kamar ƙwayar masara a jikin totuwa. Komai nawa daidai yake, sai dai ban taɓa ganin wanda ya tafa hannu saboda daidai ba. Malamin islamiyyarmu ya ce sunan abin da ke cina hassada. Ni dai kishi nake ce masa, ya fi daɗin ji a kunne.

Ina 'yar firamare na yanke shawarar gyara lamarin da kaina. Na karyo tsinken tsintsiya, kullum in na dawo daga makaranta sai in laɓe a bayan rumbu in yi ta cusa shi tsakanin haƙorana na gaba, ina murzawa, ina jiran su ba da hanya. Ba su matsa ko kaɗan ba. Dasashina ne ya kumbura ya fara jini, har tuwo ya gagare ni ci. Da Inna ta gano, ta dungure mini kai, ta haɗa mini ruwan ɗumi da gishiri, ta ce, "Ke wace irin yarinya ce?" Iyakar abin da ta ce ke nan. Ƙanwata tana bakin ƙofa tana ƙyalƙyala dariya, ina kurkurar baki ina kallon abin da ya jawo mini wahalar yana haske a bakinta.

Na so a ce ranar Inna ta ƙara ko da kalma ɗaya ce, ta ce nawa haƙoran ma ba su da laifi. Amma ni 'yar fari ce, kuma Inna mace ce mai kunyar 'yar fari ta gaske. Ba ta taɓa kama sunana ba, "ke" ce ni, ko "yarinyar nan". Ba ta yabona a gaban mutane, ba ta yabona a bayan mutane. Ƙanwata kuwa auta, an saki baki a kanta, kowa yabo, har Innar. Na girma na san al'ada ce, na fahimta, har na riƙa kare ta a gaban masu sukarta. Sanin bai taɓa sa na ji daɗi ba.

A farkon shekarun dubu biyu na biyo maigidana Amurka da goyon 'yarmu ta fari. Yana karatu a garin College Park na jihar Maryland, ni ma na lallaɓa na samu takardar aikin harhaɗa magunguna, daga baya muka koma Germantown na kama aiki a wani kantin magani. A ƙasar nan aka fara tafa mini hannu. Na je a wanke mini haƙora, matar da ke aikin ta leƙa bakina ta tambaye ni wane likita ne ya jera mini su haka. Na ce Allah. Ba ta yarda ba, sai da ta kira abokiyar aikinta ta zo ta gani. Ni, da girmana da 'yata, a ce an kira wani ya zo ya kalle ni! Ranar har na hau titin 270 ina murmushi ni kaɗai a mota. A nan na gano cewa a ƙasar nan wushirya ba ado ba ce, naƙasa ce da ake sa wa waya a rufe. Na ji kamar an biya ni wani tsohon haƙƙi. Daɗin daɗawa, duk faɗin Maryland babu wanda ya san ina da ƙanwa.

Kwanciyar hankalin ba ta daɗe ba. Wani injiniya ɗan garinmu da ke zaune a Clinton ya je gida neman aure, kuma ba sai na faɗi wadda ya gani ba. Ni na je tarbarta a filin jirgi, na rungume ta, na yi kukan murna na gaskiya, domin ina son ƙanwata, wannan ban taɓa musu ba. Amma a ƙasan zuciyata ina cewa, to, hajiya, kin zo inda za a rage miki farashi. Ina! Wata bai yi ba ta zama mai lallen amare da kwalliyar duk wani bikin Hausawa daga Clinton har Germantown. A wurin suna, a walima, a filin shaƙatawar da muke haɗuwa ranar Sallah, in ta yi dariya sai kawuna su juyo. Da wani likitan haƙori ya yi mata tayin rufe wushiryar, ta zo tana ba mu labari har da riƙe ciki. "Na ce masa, malam, a garinmu mata zuwa suke a fiƙe musu haƙori don su samu irin wannan." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, ina zuba wa mutane zoɓo.

Duk wannan da sauƙi, na saba. Abin da ban shirya masa ba shi ne famfarar 'yata. Haƙoranta na ƙuruciya suka zube, sababbi suka fito manya-manya, da 'yar hanya a tsakaninsu. Na ce wa kaina haka yara suke yi, za su haɗe in sauran sun fito. Sauran suka fito, hanya tana nan. Kullum da safe ina taje mata kai ina satar kallon bakinta a madubi, ina ganin fuskar da na baro a Zariya tana tsirowa a cikin gidana.

A wani suna a Clinton ƙanwata ta lura. Ta kama haɓar yarinyar, ta ɗaga ta wajen haske, ta rangaɗa guɗa a tsakiyar falon mutane. "Yaya, ke kika sha wahalar ciki, amma wallahi wannan tawa ce!" Mata suka taru ana kallo ana tafawa. Ita 'ya'yanta duk maza ne, kuma babu wanda ya ɗauko ta a cikinsu, duk bakin ubansu suka kwaso. Daga ranar ta daina cewa "'yar Yaya", sai "'yata".

Ni kuma ga ni da kunyar da na gada. Na tsallako teku, na koyi tuƙi a kan ƙanƙara, na koyi yi wa Bature gardama a kan maganinsa, amma bakina ya ƙi kama sunan 'yata ta fari. "Ke" nake ce mata, kamar yadda aka ce mini. In ta yi kwalliyar Sallah ta tsaya a gabana tana juyi, abin da ke fitowa daga bakina shi ne, "Gyara ɗankwalinki." Ƙanwata kuwa, Antinta, bakinta a sake yake. Ƙarshen mako ya zama na Clinton: a yi mata lalle, a zizara mata kwalli, a ɗauki hoto kunci da kunci, su biyun sun washe baki iri ɗaya. Hoton ya zo ya manne a jikin firijina, ina buɗewa ina rufewa suna yi mini dariya. Wata ranar Sallah wata nas 'yar Jos ta tambayi ƙanwata, "Wannan 'yarki ce? Kai, kamar an tsaga kara!" Ƙanwata ta ce, "Eh." Ina tsaye a gefensu rungume da kular shinkafa, kuma babu wadda ta ga ya kamata ta gyara maganar.

Da yarinyar ta shiga aji shida aka fara koya musu tatsuniyoyin Girkawa. Babanta ya kafa doka cewa a gidansa ba za a kira gumakan da ke cikinsu alloli ba, don haka muka koma ce musu sarakuna da sarauniyoyi. Wata rana ina yanka albasa ta zauna a kan kujerar kicin tana ba ni labari da Turancinta mai gudu. Wai an yi wani biki, aka ƙi gayyatar wata fitinanniya, ita kuma ta zo ta jefa tuffa ta zinariya a tsakiyar taro, da rubutu a jiki cewa ta wadda ta fi kowa kyau ce. Sarauniyoyi uku suka ce tasu ce: mai mulki, mai hikima, da mai kyau. Aka rasa mai raba gardama, aka ɗauko wani saurayi makiyayi aka ce ya zaɓa. Ya miƙa wa mai kyau. Daga nan rigima ta tashi har aka ƙone garinsu ƙurmus.

Na ajiye wuƙa na ce, "Ita mai hikimar me ta yi da aka hana ta?"

Ta ce, "Tana cikin waɗanda suka taimaka aka rusa garin."

Na ce, "Ta yi daidai."

Yarinyar ta zaro ido tana kallona, na ce albasa ce ta shiga mini ido, ta ci gaba. Amma labarin ya zauna mini. Na ga Girkawan nan, duk da shirmensu na gumaka, sun fi matan unguwarmu gaskiya. Su sun yarda cewa mai hikimar ma tuffar take so. Tana da ilimi, tana da makamai, ana tsoronta, amma da aka jefo tuffa ba ta ce a ba ƙanwata ni karatu ya ishe ni ba, hannu ta miƙa kamar kowa. Mu a wurinmu sai a shafa kan yarinya a ce mai karatu ce, a ɗauka an sallame ta.

Ashe wasan kwaikwayon labarin za su yi a makaranta, kuma 'yata ta sa rai ita za a ba sarauniyar kyau. Me zai hana ta sa rai, tun tana ƙarama Anti ke gaya mata babu kamarta? Sai wata yarinya ta ce mata a cikin motar makaranta, a gaban kowa, wai ina aka taɓa ganin sarauniyar kyau da ramin da za a zura tsinken shan lemo a haƙoranta. Yara suka kwashe da dariya. Da aka zo rabon matsayi ba ta ma ɗaga hannu ba. Aka ba ta mai hikima, aka ce ta zo da farin mayafi da tsuntsun da sarauniyar ke yawo da shi, wato mujiya.

Ni na zauna na yanka mujiyar da kwali, na zana mata manyan idanu, na ɗinka ta a kafaɗar mayafin. Ina cikin yi ƙanwata ta shigo. Ta ja da baya ta dafe ƙirji. "A'uzubillahi! Yaya, mujiya za ki ɗora wa 'yata a kafaɗa? Duk tsuntsayen duniya a rasa wanda za a ba ta sai wannan mai baƙin jinin?" Na ce a wurin Girkawa alamar ilimi ce. Ta ce to Girkawan ba su da hankali, kuma gobe za ta je makarantar ta ga malamar da ta kalli wannan fuskar ta haɗa ta da mujiya. Da ƙyar na hana ta. Zan faɗi abin da na ji ranar wasan, don ban zauna rubutun nan don in yi wa kaina kwalliya ba: daɗi na ji. 'Yata tana tsaye a kan dandamali a matsayin wadda aka hana tuffa, kuma a karon farko na ga ta tsaya a layina.

Bayan wasan aka kai 'yan ajin wani gidan tarihi a cikin Washington, na bi su a cikin iyaye masu rakiya. Aka shiga da mu wani zaure cike da mutum-mutumin farin dutse irin na Girkawa, wasu ba hannu, wasu hanci ya gutsure, mai yi mana bayani tana ta cewa wannan shi ne ma'aunin kyau da duniya ta gada. Ni ina ta kawar da kai saboda rashin suturarsu. Da na waiwaya sai na hango 'yata ita kaɗai a gaban wata mace ta dutse, ta daɗe tana kallonta. Ta zo ta ce mini, "Momi, kin lura? Babu ko ɗaya da ya buɗe baki." Na duba, gaskiyarta, duk leɓunansu a rufe. Na ce ƙila dutse ne ke da wuyar sassaƙa haƙori. Ba ta saurare ni ba, tana can tana gwada murmushinsu a jikin gilashi.

Daga ranar ta daina buɗe baki in tana dariya. In abin ya ci ƙarfinta sai ta sa tafin hannu ta rufe. Hoton makaranta na shekarar ya zo, leɓe a manne, kamar an ce kada ta yi numfashi. Na gani sarai, ban ce komai ba. Da likitan haƙori ya ce lokaci ya yi da za a iya sa mata waya a rufe tazarar, sai ta maƙale mini, safe da yamma, Momi don Allah, Momi kowa a ajinmu yana da ita. Babanta ya ce wannan maganar mata ce, duk abin da na yanke shi ke nan.

Ban san wanda ya kai wa ƙanwata labari ba, ina zargin yarinyar ce da kanta. Ranar wata Laraba da la'asar, lokacin da titin da ya zagaye Washington ke cushewa, ƙanwata ta tuƙo tun daga Clinton ba ko bugo waya, ta faɗo mini kicin da gyalenta a hannu.

"Yaya, da gaske ne abin da na ji?"

Na ce, "Sai ki fara da sallama."

"Salamu alaikum. Da gaske ne? Abin da Allah Ya ba ta kyauta, shi za ki kai a ɗaure da waya kamar buhun gawayi? Don wata 'yar Bature ta yi mata dariya a mota?"

Na ce yarinyar ce ke so, kuma a nan za ta rayu, ba a Zariya ba. Ta ce yarinya ba ta san abin da take so ba, shekara nawa gare ta. Na ce likita ya ce. Ta ce likitan ya taɓa zuwa bikin Hausawa? Sannan ta ce, "Wallahi Yaya in kika bari aka rufe wa 'yata baki..."

A nan na fashe. Na ce, "Ke kika haife ta?"

Ban taɓa faɗa mata haka ba, kuma a gidanmu ba a faɗin irin wannan. Ta naɗe gyalenta a hannu, sannan ta ce a hankali, "Ba ni na haife ta ba. Amma ni nake gaya mata tana da kyau. Ke kin taɓa?"

Na ce ta san dalili, 'yar fari ce, haka Inna ta yi mini.

Ta ce, "Inna a Zariya ta yi, inda kowa ya san kunya ce. Nan wa ya sani? Ita gani take ba ki ga komai a fuskarta ba."

Ashe yarinyar tana kan matakala tana jin mu. Ta sauko ta tsaya a tsakaninmu. Ita da kullum da Turanci take amsa mini, ranar sai ta tattaro 'yar Hausarta mai karkatacciyar murya, don ta san da ita ake maganar gaske a gidan. Ta ce, "Momi, Anti ta ce da kyau. 'Yan ajinmu sun ce babu kyau. Ke me kika ce?" Sai ta ɗaga leɓenta da yatsa ta nuna mini, kamar ban taɓa gani ba.

Na san amsar. Na san ta tun ina bayan rumbu da tsinken tsintsiya a baki. Kalma biyu ce, kuma da na faɗe ta da zancen waya ya mutu a wurin, na ga haka a idonta. Amma ƙanwata tana tsaye tana kallona, da irin wannan wushiryar a bakinta, kuma duk abin da zan faɗa wa 'yata ita ma na faɗa mata ke nan. Tun muna yara kowa ya tafa mata, ni kaɗai ce ban taɓa ba, shi ne ɗan abin da na riƙe. Na juya na ɗaga murfin tukunya na ce, "Likita ya fi mu sani."

Yarinyar ta saki leɓenta ta ce, "To." Ta hau sama. Ƙanwata ta yafa gyalenta ta fita, ko ruwa ba ta sha ba. In aka tambaye ni yau, cewa nake kunya ce ta riƙe mini baki, kuma ba ƙarya nake ba, kunyar tana wurin. Sai dai ba ita kaɗai ta zo ba.

Aka sa waya. Ƙanwata ta ɗauke ƙafa daga gidana na wani lokaci, sai dai ta aiko mijinta ya ɗauki yarinyar. Ni ke kai ta ana ɗaure wayar, ni ke dama mata kunu in bakin ya yi tsami ta kasa tauna. Ina kallon hanyar tana tsukewa kaɗan-kaɗan har ta ɓace. Ranar da aka cire wayar, likitan ya miƙa mata madubi, ta washe baki, sai na ga haƙorana a jere ƙam. Matar da ke karɓar baƙi ta ce, "Murmushin mamanta sak!" Na ji daɗi har cikin ƙashina. Aka ba ta wata roba da za ta riƙa sawa in za ta kwanta, aka ja mata kunne cewa in ta yi wasa da ita tazarar tana iya dawowa. Ni na zama mai gadin robar, kullum sai na tambaya.

Sallar da ta biyo baya muka haɗu a filin da muka saba. Wata tsohuwa ta zo daga Kano ganin jikokinta, an shimfiɗa mata darduma a inuwa, ana ta kai yara suna gaishe ta. Na kai tawa, da sabon leshi da sabon murmushi. Ta durƙusa ta gaishe ta da kyau, yadda na koya mata. Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa. Na ga idonta yana lalube, kuma na gane laluben tun kafin ta buɗe baki.

"Wannan ita ce mai karatun ko? Allah Ya yi albarka."

'Yata ta ce amin da fara'arta, ita ba ta san komai ba, a wurinta yabo ne. Ƙanwata tana zaune a kan dardumar tana ɓare wa tsohuwar lemo. Da ta harare ni da na samu abin riƙewa, mu yi faɗa in huce. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Naman Sallar ranar ban ji ɗanɗanonsa ba.

Shekaru suka wuce, muka shirya da ƙanwata kamar yadda 'yan'uwa ke shiryawa, ba wanda ya ba wani haƙuri, kawai wata rana ta kawo mini dambun nama na karɓa. Yarinyar ta gama sakandare ta shiga jami'a a College Park, inda babanta ya yi, ta koma kwana can, gadin roba ya fita daga hannuna. Wani hutu ta dawo gida, muna cin abinci babanta ya yi wani barkwancinsa, ta tuntsire da dariya har da jefa kai baya, ba hannu a baki. Sai na hango ta. Siririya ce, ba ta kai ta da ba, amma tana nan a inda take, tsakiyar haƙoran sama.

Na ce, "Ke, ina robarki?"

Ta ce, "Na daina sawa, Momi. Da gangan." Ta tsaya tana kallona, tana jiran faɗa.

Ban yi faɗa ba. Na tattara kwanuka na kai kicin, ta biyo ni da sauran. Na buɗe famfo, na juya mata baya, don in ina kallonta ba zan iya ba. Na daɗe ina cuɗa faranti ɗaya. Maganar da na riƙe tun tana aji shida, wadda na riƙe wa ƙanwata tun muna durƙusawa a gaban baƙi, na tattaro ta da ƙyar kamar ana zare mini ƙaya, na ce, "Ta yi miki kyau."

Ta rungumo ni ta baya, ta ɗora haɓarta a kafaɗata, tana dariya. "Na sani, Momi. Anti na fara tura wa hoton bakina, tun da azumi. Ta yi ta guɗa a waya." Ta ɗauki tawul ta fara goge farantin da na ajiye. "Kuma ta ce kada in damu da shirunki, wai ke kin fi kowa son wushirya. Ta ba ni labarin tsinken tsintsiya."

Na tsaya da hannuna a cikin kumfa. Labarin nan nawa ne, jinina ne ya zuba a bayan rumbun, kuma na yi niyyar in ba ta shi da bakina wata rana in na samu ƙarfin hali. Har shi ƙanwata ta riga ni bayarwa, kuma na san da dariya ta bayar, kuma na san ya fi daɗi a bakinta.

Wayar yarinyar ta yi ƙara a kan tebur. Ta duba ta ce, "Anti ce," ta ajiye tawul ta fita falo tana amsawa. Ina jin su daga kicin, ɗaya a falona ɗaya a Clinton, suna dariya iri ɗaya.